Rahoton Ayyukan Shekara ga Mambobi: Hidimar Tsofaffi da Masu Ƙaramin Ƙarfi

Iyayenmu maza da mata, 'yan'uwa mambobi da masu aikin sa kai, bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, kwamitin gudanarwa yana gabatar muku da bayanin ayyukan ƙungiya na shekarar da ta ƙare, kamar yadda tsarin mulkinmu ya wajabta. Cikakken lissafin abin da ya shiga asusu da abin da ya fita yana cikin takardar ma'aji, wadda mai binciken kuɗi ya duba ya sa mata hannu. Saboda haka wannan rahoto zai tsaya ne a kan aikin kansa, da abin da muka gani a gidajen da muke shiga, da shawarwarin da muke neman amincewarku a kansu.

Sauyin tsarin aiki

Za ku tuna cewa a babban taron bara kun amince a rage dogaro da ranar rabo, wato ranar da ake tara mabuƙata wuri guda su yi layi a ba kowa kasonsa, a koma ga kai taimako har ɗaki. Wannan ne babban abin da ya sauya a bana, kuma kusan duk sauran abin da za mu faɗa daga gare shi ya taso. Hujjar da aka kawo a lokacin ita ce wanda ya fi kowa buƙata sau da yawa ba ya cikin layi. Tsohuwar da gwiwarta ta ƙi ba za ta iya tattaki ba, dattijon da ganinsa ya yi rauni ba zai fito ba sai da ɗan jagora, akwai kuma wanda ya yi rayuwarsa duka yana ciyar da wasu, wanda ya gwammace ya kwana da yunwa da a gan shi yana jiran a kira sunansa a bainar jama'a. Shekarar nan ta tabbatar mana da wannan hujja fiye da yadda muka zata, domin da yawa daga cikin waɗanda yanzu suke kan gaba a rajistarmu ba su taɓa zuwa ranar rabo ba ko sau ɗaya.

Tsarin da muka bi shi ne a haɗa masu aikin sa kai biyu-biyu, a damƙa wa kowane biyu gidaje kaɗan da ke kusa da su, su riƙa leƙawa mako-mako, kuma ba a sauya su sai da babban dalili. Mata ne suke shiga wurin mata, maza kuma wurin maza, sai inda mai gidan ya nemi akasin haka. Kwamiti ya dage a kan rashin sauya fuska ne saboda tsoho ba ya buɗe cikinsa ga baƙo. A ziyarar farko kusan kowa cewa yake lafiya lau, ba abin da ke damunsa, ya yi godiya ya sa albarka. Sai an saba, ya gane cewa wannan yaron ko yarinyar za su dawo ko da hannu biyu ne, sannan zai ambaci cewa maganinsa ya ƙare tun tuni, ko rufin ɗakin yana yoyo daidai kan shimfiɗarsa. Magabata sun ce zumunta a ƙafa take, kuma aikinmu na bana a kan wannan magana aka gina shi.

Abin da ziyara ta bayyana

Matsalar da ta fi ba mu mamaki ita ce ta magani. Mun shiga shekara da zaton cewa tsadarsa ce kawai damuwa, sai muka tarar da cewa yadda ake shansa ma babbar damuwa ce. Wata mai aikin sa kai ta ba kwamiti labarin wata baiwar Allah da ke zaune ita kaɗai, mai fama da hawan jini da ciwon suga. Da aka tambaye ta magungunanta, sai ta jawo wata tsohuwar leda daga ƙarƙashin matashi ta zazzage a kan zaninta. An ɓare ƙwayoyin duka daga takardunsu, farare da jajaye sun cakuɗe, wasu sun fara narkewa, kuma ita da girman ƙwaya take bambanta su, tana shafawa da yatsa saboda ba ta gani sosai. Ta ce ranar da kanta ya yi nauyi takan sha biyu, ranar da ta ji sauƙi kuma takan bar su don su daɗe. Masu ziyarar ba su taɓa ko ƙwaya ɗaya ba, domin dokarmu ta hana mai aikin sa kai ya ba da magani ko ya sauya yadda aka rubuta shi. Sun raka ta asibiti da ledar a hannu, aka sake auna ta, aka rubuta sabon tsari, sannan suka samo mata ƙananan robobi masu murfi, na safe da alama mai kauri da za ta iya ji da hannu, na dare kuma ba alama. Tun daga lokacin duba robobin nan ya zama farkon abin da suke yi bayan gaisuwa.

Wannan ba labarin mutum ɗaya ba ne. Hawan jini yakan daɗe a jiki ba tare da wata alama ba, shi ya sa mutum yake ganin ya warke ya ajiye magani, alhali a lokacin ne haɗarin shanyewar ɓarin jiki yake ƙaruwa. Da taimakon ma'aikatan jinya da ke cikin mambobinmu an koya wa masu ziyara amfani da na'urar awon jini, aka kuma umarce su da cewa idan awo ya maimaita kaiwa 140 bisa 90 ko fiye, su rubuta su sanar, a shirya ganin likita.

Abu na biyu shi ne faɗuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan 684,000 ne suke rasuwa duk shekara sanadin faɗuwa, kuma waɗanda suka haura shekara 60 su ne suka fi yawa a cikinsu. Wanda bai mutu ba ma, idan ƙugunsa ya karye, sau da yawa daga nan ne kwanciya take farawa. Abin da ya ƙarfafa mana gwiwa shi ne gyaran da ke hana wannan musiba ba ya cin kuɗi mai yawa. Matasanmu masu sana'ar hannu sun ba da lokacinsu kyauta suka rage tsayin dokin ƙofa a wasu ɗakuna, suka kafa abin riƙewa a banɗaki, suka gyara inda daɓe ya farfashe, suka sa fitila a hanyar da tsoho yake bi da dare. A wani gida abin da aka yi kawai shi ne matsar da gado kusa da ƙofa da yanke sandar dogarawa da ta yi wa mai ita tsawo, har kafaɗarsa take ciwo. Kwamiti yana ganin wannan sashe ne da ya kamata a faɗaɗa, domin kowace faɗuwa da aka hana ta fi duk gudummawar da za a tara bayan an kwantar da mutum a asibiti.

Ta fannin gani da ji, mun raka waɗanda aka gano suna da yanar ido zuwa wurin aikin tiyata. Yanar ido tana cikin manyan abubuwan da ke jawo makanta a duniya, kuma ɗan gajeren aikin tiyata yakan dawo da gani, amma tsoro da rashin mai rakiya suna hana mutane zuwa. Waɗanda suka dawo suna gani su ne suka fi mu iya lallashin sauran. Batun raunin ji kuwa bai samu kulawar da ta dace ba saboda ƙarancin abin hannu, kuma yana damun kwamiti, domin wanda ba ya ji yakan janye daga hira a hankali har a ɗauka rikicin tsufa ne ya kama shi.

Akwai kuma abin da ba a iya zuba shi a buhu a kai wa mutum. Masu ziyara da dama sun ruwaito cewa idan suka miƙe za su tafi sai a riƙe musu hannu a ce su ƙara zama kaɗan, kuma wasu tsofaffin sukan wuni ba wanda ya yi musu magana ko da gidan cike yake da mutane. Kaɗaici ya kai matsayin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa masa kwamiti na musamman a shekarar 2023, saboda alaƙarsa da ciwon zuciya da ciwon damuwa da raguwar tunani. Don haka muka umarci masu ziyara da kada su ajiye kaya a bakin ƙofa su juya. Su zauna, su saurara, su tambayi tsohon shawara a kan abin da ya sani, domin mutumin da aka daina neman ra'ayinsa yakan ji kamar an shafe shi tun yana raye.

Wajibi ne mu ambaci wani abu mai nauyi. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna cewa kusan mutum ɗaya cikin shida na masu shekara 60 zuwa sama yana fuskantar wani nau'in cin zarafi a tsakanin al'umma, mu ma ba mu tsira daga ganin haka ba. Mun tarar da inda ake karɓe abin da aka kawo wa tsoho da zarar masu ziyara sun fita, da inda ake kulle shi a ɗaki, da inda wani ke karɓar haƙƙinsa na ritaya ba ya ba shi. Ba a yarda mai aikin sa kai ya shiga rigima da iyalan gida ba. Yana sanar da ƙaramin kwamitin dattawa, su kuma su zauna da iyalan cikin sirri, kuma sau da yawa sai a tarar mai kula da tsohon ne ya gaji, talauci da jinya sun yi masa yawa, ba mai karɓarsa ko na wuni ɗaya. Inda sulhu bai yi aiki ba, an miƙa maganar ga hukumar da abin ya shafa.

Iyalai masu ƙaramin ƙarfi

An ci gaba da kai kayan abinci da sutura da barguna ga gidajen da ke rajista, galibinsu na matan da mazajensu suka rasu suka bar musu yara, da kakannin da ke riƙon jikoki. An ba wasu ƙaramin jari a matsayin bashi mara ruwa, mafi yawansu kuma suna biya a kan lokaci, abin da aka dawo da shi aka juya shi ga wasu. Waɗanda suka gaza, rashin lafiya ce ta cinye jarin a mafi yawan lokuta, kuma kwamiti yana neman izininku a yafe musu. Yaran da aka mayar makaranta ana bibiyar zuwansu.

Masu aikin sa kai

Duk abin da aka lissafa a sama a kan kafaɗun mutanen da ba a biyansu ko sisi ya tsaya, wasunsu ɗalibai, wasu ma'aikata da ke zuwa bayan sun tashi aiki a gajiye, wasu kuma dattawa ne da kansu. Kowanne ya sa hannu a kan ƙa'idojinmu kafin ya fara: ba ya ɗaukar hoton wanda ake taimaka wa, ba ya fitar da sirrin gida, ba ya karɓar kyauta, ba ya yin alƙawarin abin da ƙungiya ba ta amince da shi ba. Dokar hoto ta jawo muhawara, saboda wasu masu ba da gudummawa suna son ganin shaida a shafukan sada zumunta. Matsayin kwamiti bai sauya ba. Rasit da rajista da rahoton mai binciken kuɗi sun isa shaida, kuma bai dace mutum ya biya taimako da mutuncinsa ba.

Wasu daga cikin masu ziyara sun bar aikin a tsakiyar shekara saboda ƙaura ko karatu ko gajiya, kuma duk lokacin da haka ta faru tsohon da ya saba da su ne yake shan wahala. Akwai kuma waɗanda suka yi rashin wanda suke ziyarta, abin ya taɓa su ƙwarai. Muna addu'a ga iyayenmu da suka riga mu gidan gaskiya a wannan shekara, Allah ya jiƙansu, ya ba iyalansu da masu ziyartarsu haƙuri. Mun fara zaman wata-wata inda masu aikin sa kai suke tattauna abin da ya yi musu nauyi ba tare da ambaton suna ba, kuma a ranar 5 ga Disamba, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware tun 1985 domin masu aikin sa kai, an karrama su da takardun yabo. A ranar 1 ga Oktoba kuma, ranar tsofaffi ta duniya, mun yi taron wayar da kai a kan faɗuwa da shan magani, inda iyalai suka fi tsofaffin yawan tambaya.

Abin da ke gabanmu

Buƙata ƙaruwa za ta yi. Masu shekara 60 zuwa sama a duniya sun kai biliyan 1 a 2020, ana kuma hasashen za su kai biliyan 1.4 a 2030 da biliyan 2.1 a 2050, mu ma muna ganin alamar haka a yawan sunayen da ke jiran shiga rajista. Kwamiti ya ƙi karɓar gidajen da ba shi da masu ziyartarsu, domin fara zuwa wurin tsoho sannan a ɗauke ƙafa ya fi rashin zuwa ciwo. Saboda haka muna gabatar wa babban taro shawarar cewa kowane mamba ya kawo mutum ɗaya amintacce da zai ɗauki alƙawarin ziyara na shekara guda, a kuma ware wani kaso na kuɗin wata-wata domin gyaran ɗakuna da gwajin ji, sannan a kafa rukunin masu karɓar jinya na wuni ɗaya domin iyalan da ke kula da majinyaci su samu hutu. Muna roƙon mambobin da ake bin su kuɗin wata-wata su biya kafin zaman, waɗanda kuma suke da gyara ko ƙari a kan waɗannan shawarwari su miƙa shi a rubuce ga sakatare domin a saka shi cikin ajanda.

Sakataren ƙungiya, a madadin kwamitin gudanarwa.