A tambayi matashi abin da yake bi, ba yawan sana'o'insa ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka.

Na karanta shawarar da aka bai wa matasa a shafinku na sana'o'i, inda marubucin ya ce yaron da ya fara da zane, ya koma ɗaukar hoto, gobe kuma a gan shi yana tsara shafukan intanet, ya kama hanyar tashi a tutar babu. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar, domin mun ga masu taɓa nan su taɓa can har furfura ta riske su ba su ƙware a komai ba. Sai dai an yi wa kowa kuɗin goro. Ni kaina da fenti da buroshi na fara, ina rubuta allunan shaguna, daga baya na riƙe kyamara, yanzu kuma da kwamfuta nake cin abinci. Abin da na gani shi ne, wanda ke da abu guda da ya zauna masa a rai, duk kayan aikin da ya ɗauka wannan abin yake yi wa hidima.

Bari in kawo misalin Alan Villiers, mutumin Ostareliya da aka haifa a Melbourne a 1903. Yana ɗan shekara 15 ya shiga aikin jiragen ruwa masu tafiya da iska, a daidai lokacin da masu inji ke ture su gefe. Da ya ji rauni a jirgi sai ya zama ɗan jarida a Hobart. A 1929 shi da abokinsa Ronald Walker suka shiga jirgin Grace Harwar da kyamarar fim, don su ɗauki rayuwar matuƙan kafin ta shuɗe. A kan hanya wani ƙaton abin da ke riƙe ƙyallen jirgin ya faɗo wa Walker ya mutu. Villiers ya ɗauki kyamarar ya ƙarasa aikin. A 1934 ya sayi wani tsohon jirgin horar da matuƙa a Denmark, ya raɗa masa suna Joseph Conrad, ya zagaya duniya da shi tare da samari 'yan koyo har zuwa 1936. Jirgin yana nan har yau a gidan tarihi na Mystic a Amurka.

Tafiyar da ta fi taɓa ni ita ce ta 1938. Ya je Aden, a ƙasar Yemen ta yanzu, ya roƙi wani kyaftin ɗan Kuwait, wanda Larabawan can ke kira nahoda, ya ɗauke shi a jirginsa na katako mai suna Bayan. Ba inji, iska ce kaɗai. Irin waɗannan jirage dabino suke kwasowa daga Basra su sayar a hanya, su bi gaɓar gabashin Afirka su tsaya a Mogadishu da Mombasa da Zanzibar, sannan su shiga bakin kogin Rufiji su lodo itatuwan rufin ɗaki, waɗanda mutanen Kuwait ke amfani da su kamar yadda muke amfani da azara. Sai iskar ta juya a lokacinta kafin su kama hanyar gida. Villiers ya yi watanni yana kwana a sararin jirgin, yana cin abin da matuƙan ke ci, yana rubutu yana ɗaukar hoto. Da suka isa Kuwait a 1939 ya bi masu nutso neman lu'ulu'u, su ma ya ɗauke su. A shekarar da ya fara tafiyar nan aka gano man fetur a Burgan da ke Kuwait, aka soma fitar da shi waje a 1946, kuma ba a jima ba wannan fatauci na iska ya zama labari. Yau mutumin Kuwait da ke son ganin yadda kakansa ke jan igiya, hotunan wannan baƙo na cikin abin da zai duba.

Shi ne kuma ya tuƙa wani jirgin iska mai suna Mayflower II daga Ingila zuwa Amurka a 1957. Ya rasu a Oxford a 1982, bai ga intanet ba. Amma hotunansa suna gidan tarihin jiragen ruwa da ke Greenwich a Landan, kuma ni ban taɓa taka Ingila ba, a shafin intanet na gan su. Wani ya zauna ya mayar da su cikin kwamfuta, wani ya tsara shafin yadda za a same su cikin sauƙi. Wannan ita ce sana'ar da marubucinku ya ɗauka a matsayin alamar rashin alƙibla.

Mu ma muna da tarihin ruwa, kuma abin yana damuna ƙwarai. A 1987 wani makiyayi Bafulatani yana haƙa rijiya a Dufuna, a jihar Yobe ta yanzu, ya ci karo da kwalekwale mai tsawon sama da mita 8. Masana daga Jami'ar Maiduguri da ta Frankfurt suka bincika, aka ƙiyasta shekarunsa wajen 8,000, babu wanda ya girme shi cikin waɗanda aka gano a Afirka. A 1969, da Thor Heyerdahl na Norway ya so ƙera jirgin ciyawa don ratsa tekun Atlantika, daga Tafkin Chadi ya ɗauko masaƙan jirgin ya kai su Masar. Ga Sarkawa a kogin Kwara, ga masassaƙa jirgi a Yawuri. Tsofaffin da suka san wane itace ake sara, da yadda ake fafe shi, da yadda ake toshe ɓula, suna ta tafiya ɗaya bayan ɗaya. Wanda zai adana wannan ilimi dole ya iya zana fasalin jirgi da awonsa, ya iya ɗaukar hoto mai kyau, ya iya zama da dattijo ya saurare shi, sannan ya iya ɗora abin inda ɗalibi a Maraɗi ko Kumasi zai gani a wayarsa. Yaron nan da ake cewa ya rarraba hankali shi ne ya fi kowa dacewa da aikin.

Roƙona gare ka, ranka ya daɗe, ku ware ɗan fili ko da sau ɗaya a wata, matasa masu zane da masu hoto su riƙa aiko da jiragen garuruwansu, da sunan kowane sashe na jirgin a bakin masu shi, da bayanin wanda ya sassaƙa. Idan kun buɗe filin, ni na ɗauki nauyin tsara masa shafin intanet kyauta.

Wassalam.

Naku,
Mai karatu daga Gashuwa, jihar Yobe