Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Gwamnan jihar Damagaram: wata nawa ne shekarar karatu?

Ranka ya daɗe, sallama da fatan alheri. Ni uba ne, ina cikin kwamitin iyayen yara na wata kwalejin gwamnati da ke gefen garin Zinder. Ba zan kama sunan makarantar ba, don kada gobe a kira direkta a wanke shi tas a kan laifin da ba nasa ba.

A takarda, ana buɗe lakkwal a Oktoba a rufe a Yuni, wata tara ke nan. A wurinmu kuwa, ranar buɗewa ƴan aji ɗaya da aji biyu ba su da inda za su zauna, domin ajin nasu yana gona tukuna. Sai an yanke gero, kara ya bushe, an saƙa zana, mu iyaye mun yi karo-karo mun saya, kana a kafa rumfa. Kafin a gama wannan hidima Nuwamba ya yi nisa. Daga nan hunturu ya karɓa. Ka zo ka ga yarinya zaune a kan buhu, littafi bisa gwiwa, tana kaɗe ƙura kafin ta rubuta layi guda, allo a jingine jikin dirka. Muryar malamin da ke rumfar kusa tana ratsa zana, yaro ya ji lissafi ta kunnen dama, tarihi ta kunnen hagu. Hadarin farko na damina ya yi awon gaba da rumfar, a ce sai baɗi. Ranka ya daɗe, ka ƙirga da yatsunka, abin da ya rage bai fi wata shida ba, shi ma idan ba a yi yajin aiki ba.

Yaron da aka ci wa wata uku kowace shekara shi ake zaunarwa jarrabawar BEPC, wato ta kammala kwaleji, da tambayoyi iri ɗaya da ɗan makarantar kuɗi mai fanka a ka. A 2021 kusan ɗaya cikin biyar ne suka ci wannan jarrabawa a faɗin ƙasa. Aka yi ta cewa yaran zamani ba sa son karatu. To, a ina aka ba su karatun har suka ƙi?

Ka fi ni sanin abin da ya faru a wannan shekarar ta 2021. A Afrilu gobara ta cinye azuzuwan zana a Yamai, yara 20 suka rasu. A Nuwamba ta maimaita a Maraɗi, ta ɗauki fiye da haka. Hukuma da bakinta ta ce akwai irin waɗannan azuzuwa wajen 36,000 a ƙasar nan, ta yi alƙawarin maye su da gini. Na san mulki ya canza hannu a Yulin 2023, amma alƙawarin da ƙasa ta yi wa ƴaƴanta bashi ne, wanda ya hau kujera shi ya gāje shi. Mun fita filin taro mun amsa "zancen ƙasa ne" har muryarmu ta dishe. An ce mana lokacin sake gina ƙasa ne ya zo, mun yi murna. Ashe ginin da kara za a ci gaba da yin sa?

Kada a ce mana babu kuɗi, don Allah. Tun 2011 matatar SORAZ take tace mai a kan hanyar Tanut, kuma doka ta ware kashi 15 cikin ɗari na kuɗin da ƙasa ke samu daga albarkatun ƙasa domin yankunan da abin ya fito. Tankoki suna wucewa ta gabanmu dare da rana. Idan akwai rabon Damagaram a ciki, a faɗa mana nawa ne, aji nawa aka gina da shi. Idan babu, shi ma a faɗa mana, mu san inda za mu kai kukanmu.

Sauran matsalolin ka san su. Malamai ƴan kwantiragi da wata ke ƙarewa ba su ga kuɗinsu ba, har wani ya koma kabu-kabu da yamma. Ƙarancin masu koyar da lissafi da kimiyya. Ruwan sha kuwa, a Zinder ba sai an faɗa ba. Ƴan mata babu makewayi, ga dokar 2017 ta ce a riƙe su a makaranta har shekara 16.

Roƙona ɗaya ne, ranka ya daɗe. Kafin ƙarshen damina a fitar da jerin kwalejojin jihar nan da ke da azuzuwan zana, a rubuta aji nawa za a gina wa kowace, da ranar farawa, a karanta a rediyo da Hausa, a liƙa a ƙofar kowace makaranta. Ko aji uku aka ba mu bana mun gode, in dai a rubuce yake. Mu iyaye mun ɗauki yashi da tsakuwa da leburanci. Siminti da rodi da kwano muke jira daga wajenku, kuma kwamitinmu a shirye yake ya zo ofishinka duk ranar da ka sa mana.

Wassalam,
Wani uba daga Zinder