Zuwa ga mutumina na Jamus

Salamu alaikum mutumina,

Shiru kamar an aiki bawa garinsu! Tun babbar sallah ban ji ɗuriyarka ba, ko sanyi ne ya daskarar maka da yatsu? To ni ga nawa labarin, akwalar nan tawa da kake kira amarya ta mace mana a Kwanar Ɗangora muna dawowa daga Zariya, ga yara a baya ga magariba ta kawo jiki, sai janwe aka kira ya ja mu har Kano, kuɗin da na biya kuwa ba zan faɗa ba don na san halinka.

Muna tafe ɗanka babban ya hango an rubuta "towing" a ƙofar janwen, wai Baba daga ina kalmar ta samo asali, ka san shi da tambaya kamar ɗan jarida. Da muka isa gida na bincika masa. Ashe "tow" ɗin tsohuwa ce tukuf, a Turancin da can "togian" suke cewa, wato jan abu, kuma 'yar uwar "tug" ce. Abin da ya sa na tuna ka shi ne danginsu ɗaya da "ziehen" ɗinku na Jamusanci, har da "Zug", jirgin ƙasan nan da kake damunmu da hotonsa a WhatsApp. Saiwar ta haɗa su da "ducere" na Latin, jagoranci kenan, inda "duke" mai sarauta ya fito. Ka ga basarake da direban janwe kakansu ɗaya! Mu ma ai haka ne, jagora ba gora yake ja ba makaho na biye?

Ita motar janwen kuma wani bakanike ne Ernest Holmes ya ƙirƙiro ta a 1916 a garin Chattanooga na Amurka, bayan sun sha wuyar fito da wata mota daga rafi da igiya.

Kai na manta ban gaya maka ba, Dogo zai ƙara aure bayan azumi, uwargida ta yi yaji tun satin jiya, shi kuma yana ta yawon raba goro ko a jikinsa. Ya ce in gaya maka gudummawarka da yuro yake so, kar ka kuskura ka turo naira.

Ka gaida madam da yara, Hajiya ma tana gaishe ka, tana tambaya wai har yanzu ba ka yi ƙiba ba?

Naka har kullum.