Godiya ga Oga da yaran garejinsa na Kolon

Assalamu alaikum Oga, da kai da duk yaran gareji har da autansu mai wankin kayan aiki.

Na yi maka godiya baki da baki amma wallahi raina bai kwanta ba, shi ya sa na ce bari in rubuta a fili 'yan uwanmu da ke nan Jamus su gani, musamman samarin da suka fara sayen motocin gudu suna neman inda za su kai. Ban sa sunanka ba don na san ba ka son haka, amma duk Bahaushen da ke Kolon ya san garejin ɗan Zangon Kumasi.

Motata BMW M3 ce ƙirar E46, irin wadda aka yi tsakanin 2000 zuwa 2006, injin lita 3.2 mai ƙarfin doki 343, kuma burina tun ina gida shi ne in sa ta a Nürburgring, filin tseren motoci da ke nan Jamus. Na zo da kuɗina a hannu ina so a canza salansa a taɓa kwamfutar injin a ƙara mata wuta, wani gareji da tuni ya karɓe ya yi shiru, kai kuwa ka ce a ɗaga ta sama tukuna. Ka haska tocila ƙarƙashin but, daidai inda ƙarfen da ke riƙe da tayoyin baya yake ɗaure da bodi, ka nuna min tsaga siririya kamar gashin kai, ka ce wannan ciwon irin motocin ne idan sun tsufa, kuma ba za ka ƙara mata ko doki ɗaya ba sai an yi walda an sa faranti. Aka sauke komai na baya aka yi. Aka buɗe ƙasan injin aka canza mital, wato ƙarafan da sandar injin ke juyawa a kansu, ka ajiye min tsofaffin a tire in gani da idona yadda suka ci har jan ƙarfen ya fito, to injin da ke juyawa har sau 8,000 a minti da wannan ai sai dai ya buga a tsakiyar hanya. Baƙin mai ma 10W-60 ka zuba, wanda aka rubuta mata, ka ajiye min galan ɗin.

Abin da ya fi shiga raina maganar birki ce. Kai ka fahimtar da ni cewa man birki yana shan ruwa daga iska a hankali, idan ya daɗe sai ya riƙa tafasa da wuri, kana cikin gangara ka taka ka ji ƙafarka ta tafi ƙasa ba komai. Ka juye shi tas ka sa na tsere mai jure zafi sama da digiri 300, ka sa takalman birki masu ɗaukar zafi, sannan aka yi alaimen. Duk wani abu da aka canza wanda doka ta ce a rubuta, yaronka ya raka ni TÜV, masu duba lafiyar mota, aka shigar a takarda, don nan ba a wasa da wannan.

Wanda bai san wurin ba, hanyar arewa ta Nürburgring kilomita 20.8 ce a cikin duwatsun Eifel, tun 1927 aka buɗe ta, tsakanin sama da ƙasanta kusan mita 300, kwana kan kwana, nan ne direban tsere Niki Lauda ya ƙone a hatsari a 1976. A ranakun da ake buɗe wa jama'a dokar titi ce ke aiki, ta hagu kawai ake wuce mota, in ka daki ƙarfen gefe kai za ka biya, kuma inshora da yawa ba ruwansu da abin da ya faru a can. Duk wannan Oga sai da ka zaunar da ni ka faɗa min, ka ce ido a madubi, mai sauri ya zo sa sigina ka ba shi hanya.

Ranar da na je can ranar hutunka ce amma ka biyo ni. Ina fitowa daga hanyar tseren ka durƙusa da geji kana rage iskar taya tun tana da zafi, ka hana ni jan birkin hannu don kada takalmi ya manne, ka ce a bar ta ta huce. Na shiga kwanar da ake kira Karussell motar tana kakkarwa a kan siminti amma bayanta daram, birki kuwa yadda na taka a farko haka na same shi a ƙarshe.

Ko sisi ba ka karɓa ba na wannan rakiya. Allah Ya saka da alheri, Ya jiƙan mahaifa, Ya sa wa gareji albarka, Ya kare yaran nan daga sharrin ƙarfe. A gaida Hajiya da yara. Maganar salansa tana nan, zan shigo bayan sallar Juma'a.

Naka,
ƙaninka mai M3