Wasiƙa zuwa ga Baba kan bawul ɗin motata

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga Baba,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata wannan takarda ta same ku lafiya, ku da Umma da Yaya da iyalinsa da Auta da sauran mutanen gida. Yaya ƙarfin jiki, yaya kuma gwiwar? Allah ya ƙara sauƙi. Ni ma ina nan ƙalau, aiki na tafiya, sai dai sanyi da ya shigo da ƙarfinsa.

Da gangan na ƙi faɗa muku wannan magana a waya. Tana da tsawo, kuma ina so Auta ya karanta muku a tsanake shi ma ya ji, tunda ya ce mini motarsa ta fara rawa in tana kan silo. Baba, na buɗe injin motata da hannuna. Yau sati shida ke nan top silinda, wato murfin saman injin, tana kan tebur a garejin gidan da nake haya, kullum in na taso daga aiki sai in sa rigar sanyi in shiga in yi awa biyu a kanta.

Motar ta ci kilomita sama da 280,000. Silinda huɗu ce, bawul 16, wato 'yan ƙofofin da ke shigar da iska su fitar da hayaƙi, top ɗin kuma ta alminiyum. Ta daɗe tana shan baƙin mai, da safe in na tayar da ita sai ta fitar da shuɗin hayaƙi na ɗan lokaci ya ɗauke. Daga baya ta fara rawa, in ta zo hawa sai ka ji ranta ya fita. Na auna matsin kowace silinda: uku sun ba ni kusan bar 12, ta uku kuwa da ƙyar ta kai 7. Sai na yi abin da na sha ganin kuna yi, na zuba cokali ɗaya na baƙin mai ta ramin filogi na sake aunawa. Allurar ma'aunin ba ta wuce inda ta tsaya da farko ba. Da ringin fistan ne ya mutu da man ya toshe kafar na ɗan lokaci matsin ya hau. Na kawo fistan sama, na hura iska ta ramin filogin, na zagaya bayan mota na kasa kunne. Iskar na fita ta salansa, shuuu, kamar ana sace taya. Nan na san bawul ɗin hayaƙi ne.

Kwancewa ba ta ba ni wahala ba. Na bari injin ya huce sarai, na sassauta kusoshin top daga gefe zuwa tsakiya, kaɗan-kaɗan, don alminiyum ba ya son a sake shi gefe guda. Na samo kwali na huda rami 16 na rubuta wa kowanne lamba, duk bawul ɗin da ya fito ya shiga raminsa, sifirin ɗinsa da kotocinsa, 'yan ƙarafan da ke kulle sifirin a sandar bawul, kuma a leda mai lamba iri ɗaya. Kota guda ta yi tsalle lokacin da na danne sifirin na farko, na yi rabin awa ina nemanta da maganaɗisu a ƙarƙashin tebur. Tun daga nan nake rufa ƙyalle kafin in danna.

Da na zaro bawul ɗin hayaƙi na silinda ta uku, sai na zauna ina kallonsa. Sauran duk baƙi ne ko ruwan ƙasa, shi kuwa ya yi fari fat kamar toka, kuma a gefensa akwai giɓi, ɗan tsaga mai faɗin ƙwayar shinkafa, bakinsa a narke. Wuta ce ta ci shi. Na karanta a kan dalilin, na kuma ga abin da kuke faɗa tun ina yaro ne, lissafi kawai aka ƙara masa. Kan bawul ɗin hayaƙi yakan kai zafin digiri 700, wani lokaci ya wuce. Ruwa ba ya taɓa shi, mai ba ya taɓa kansa. Hanyar da yake sauke zafin ita ce ɗan lokacin da ya zauna a mazauninsa, kusan kashi uku cikin huɗu na zafin ta nan yake bi ya shiga jikin top, ragowar ya bi ta sanda. In inji na juyi 3,000 a minti, kowane bawul yana tashi ya zauna sau 25 a daƙiƙa ɗaya. To in bai zauna daidai ba, ko da kafar ba ta kai silin gashi ba, wuta za ta riƙa bi ta wurin, wurin ya ƙara zafi, kafar ta ƙara buɗewa, har ta yanka ƙarfe.

Na kankare gawayin da ya daskare, na wanke top ɗin tas, na ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a fuskarta tsaye da kwance da karkace ina cusa fila geji, siraran ƙarafan auna kafa. Littafin motar ya ce kada lanƙwasa ta wuce milimita 0.05, tawa ba ta kai ba. Na yi hamdala.

Daga nan ne na yi kuskure, kuma shi ne ainihin abin da ya sa na ɗauki biro.

Na sayo sabon bawul, na shafa masa man girandin, maiƙon nan mai yashi, na hau murza shi a mazauninsa. Na ɗaga na duba, zoben da ya fito bai zagaye ba, gefe guda ya yi faɗi, ɗaya gefen ko alama babu. Na ce bai ji ba ne, na ƙara mai kaushi, na ci gaba. Dare uku ina abu ɗaya. Na zuba fetur ta hanyar hayaƙi, kafin in ƙirga goma ya tsattsafo ta gefen bawul. Raina ya ɓaci ƙwarai, na kashe fitila na hau sama. Ina kwance sai hannunku ya faɗo mini a rai, ba ma maganarku ba, hannun. Yadda kuke zaro bawul kamar tsawon gaɓar yatsa daga mazauninsa, ku kama kansa da yatsu biyu ku girgiza hagu da dama, kuna kallon wani wuri daban, kuna saurare da yatsun. Sau nawa na ga haka ban taɓa tambaya ba. Da asuba na sauko na gwada. Bawul ɗin na kaɗawa a cikin gaid, wato bututun da sandarsa ke ciki, har ina jin ƙas-ƙas. Na gwada na shan iska, shiru, da ƙyar yake motsi.

Ashe gaid ɗin ne ya cinye. Sandar bawul a cikinsa take hawa da sauka, shi ke saita kan bawul ya faɗa tsakiyar mazauni. In ya yi faɗi, bawul zai sauko yau ta nan gobe ta can, ko shekara aka yi ana girandin ba zai kama ba. Shi ne ma ya ƙona tsohon tun farko. Ni kuwa na tsaya gyaran kai alhali ciwon a ƙafa yake, kuma garin murzawa na ƙara faɗaɗa mazaunin na ɓata shi.

Wannan ya fi ƙarfin kayan aikina, sai na kai top ɗin wurin masu injin yanka ƙarfe. Dattijon da ke wurin ya auna a gabana. Littafi ya ba da iyakar milimita 0.10 tsakanin sanda da gaid a ɓangaren hayaƙi, na silinda ta uku ya kai 0.16, sauran ma sun kusa iyaka. Ya canza gaid takwas na hayaƙi gaba ɗaya, sannan ya sake yanka mazaunansu, domin in an sa sabon gaid tsakiya takan ɗan gusa, dole mazauni ya bi ta. Ya bar ni na tsaya ina kallo. Kusurwa uku yake yankawa: digiri 45 inda bawul ke zama, 30 daga sama, 60 daga ƙasa. Da na saman da na ƙasan yake rage faɗin zoben, ya kuma matsar da shi ya faɗo tsakiyar fuskar bawul. Na shan iska akan bar shi tsakanin milimita 1 da 1.5, na hayaƙi a ɗan ƙara masa faɗi don ya samu wurin sauke zafi. In zoben ya yi siriri da yawa zafi ba ya fita, in ya yi faɗi ƙarfin sifirin ya bazu, gawayi ya samu wurin maƙalewa. Ya kuma nuna mini bawul biyu da gefensu ya sirance ya zama kamar bakin wuƙa, ya ce a zubar, siririn gefe shi wuta ke fara ci. Na sayi sababbi ban yi gardama ba.

Na shan iska takwas, da yake gaid ɗinsu lafiya lau, ni na yi musu girandin a gida. Baba, a nan na fi tuna ku. Ina ɗan shekara goma sha uku kuka fara miƙa mini sandar nan mai roba a baki kuka ce in zauna, ni kuwa gani nake aikin da ba shi da daraja ake ba yaro. Yanzu da kaina na nemi kujera. In ɗiga mai a sanda, in shafa man girandin ɗan kaɗan a fuskar bawul kawai, in manna robar, in murza tsakanin tafukana, in ɗaga, in juya kwata, in sake saukewa. Da farko ƙarar garas-garas take kamar ana taka yashi. Can sai ta lafa ta koma sumul, sautin ya yi laushi, hannu ma ya ji. Kuna cewa kunne ke gaya wa mutum ya isa, kuma haka ne. In na goge sai in ga zobe ruwan toka, marar ƙyalli, ya zagaye fuskar bawul ba yankewa, irinsa kuma a mazauni. Don in tabbatar, nakan ja layuka da alƙalamin maka a fuskar, in saukar da bawul in ɗan juya, in duk layukan sun yanke a wuri ɗaya to ya zauna.

Wani abokin aikina ya ce in kama sandar da injin huda in gama cikin minti biyar. Ban yarda ba. Juyi gefe guda da sauri yana jan layi a mazauni, kuma mutum ba ya jin lokacin da ya wuce gona da iri. Ina ganin a wannan aiki hannu ya fi.

Abin da na fi tsoro shi ne ragowar man girandin, tunda yashi ne a cikin maiƙo. Ƙwaya kaɗan ta shiga gaid, sabon ma zai cinye. Na wanke da kananzir, na bi da ruwan zafi da sabulu, na zura ɗan buroshi a kowane gaid, na busar da iska, na goga farin ƙyalle har ya fito fari. Sannan na sa bawuloli da sifirin na sake zuba fetur a hanyoyin, na sa agogo a gaba. Minti goma, ko danshi babu a duka 16. Na daɗe a tsaye a wurin, na so a ce kuna kusa ku gani.

Sil ɗin bawul, 'yan robobin da ke tare mai a sanda, duk na sa sababbi. Tsofaffin sun bushe sun yi tauri kamar busasshiyar fata, su ne ke barin mai ya gangara ta sanda cikin dare, shi ya sa hayaƙin safe. Wajen sawa na naɗe tsagin kota da salatif don kada kaifinsa ya yaga leɓen sil. Bayan kota ta zauna nakan ɗan bugi kan sandar da gudumar roba in tabbatar ta kama. Da na ɗora kamshaf, ƙarfen da ke danna bawuloli su buɗe, na sake auna tazarar da ke tsakaninsa da kowane bawul, domin duk wanda aka yanka wa mazauni ko aka yi wa girandin yakan ɗan nutse, sandarsa ta ƙara fitowa sama, tazara ta ragu. In aka bar ta a matse, inji na ɗaukar zafi bawul zai daina rufewa sosai, a koma gidan jiya. Shida daga ciki sai da na gyara.

Auta, wannan naka ne. Kada ka bari a kwance maka top kafin a auna matsi, rawa kan silo tana iya zama filogi ko waya kawai. In kuma an buɗe, ka tsaya a wurin, kafin kowa ya taɓa man girandin a girgiza kowane bawul a cikin gaid ɗinsa a gabanka. Ka ɗauki Baba ku tafi tare in jikinsa ya yarda, yatsunsa sun fi ma'aunina.

Yanzu gasket ya iso, ina jiran sababbin kusoshin top, domin irin na wannan inji miƙewa suke in an ɗaure su, ba a maimaita su. In sun zo ranar Asabar zan ɗora, in ɗaure daga tsakiya zuwa gefe, in saita bel ɗin taimin.

Saura tambaya ɗaya da nake so ku amsa mini kafin ranar. Na jera sifirin 16 a kan gilashi na auna tsayinsu, duk suna cikin abin da littafi ya yarda, amma guda biyu sun gaza sauran da kusan rabin milimita, ɗaya kuma in na jingina shi da sukwaya ina juyawa sai in ga kamar ya ɗan karkata. Na mayar da su don gwajin fetur, amma zuciyata ba ta kwanta ba, kuma cire su yanzu da top ke kan tebur abu ne mai sauƙi. In ku ne, za ku bar su, ko ku canza biyun, ko duka? Ku faɗa wa Auta ya turo mini saƙon murya, da muryarku nake so in ji.

A gaishe mini da Umma ƙwarai, a ce mata ina sa rigar sanyi in zan shiga garejin. A gaida Yaya da yara. Allah ya ƙara muku lafiya da nisan kwana, ya sada mu da alheri.

Wassalam,
Ɗanku.