Ruwan Sama Ba Ya Zuwa Makaranta

Edita,

Assalamu alaikum. Ka ɗan ba ni fili in yi ƙorafi kan abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya duk lokacin da na zauna duba rubutun ɗalibaina na Turanci.

Tunda suka gano ana iya buɗe jimla da aikatau mai ƙarewa da -ing, shi ke nan suka mai da abin ado. Dabarar kanta ba ta da laifi. "Opening the door, she saw the letter" ta haɗe jimla biyu cikin numfashi ɗaya. "Having finished the test, he left" kuwa tana nuna an gama wancan kafin wannan, kamar yadda mukan ce "da gama jarrabawa sai ya fita".

Sharaɗin dai shi ne, wanda ya yi aikin farko shi zai biyo bayan waƙafi. Makon jiya wata yarinya ta rubuta "Walking to school, the rain started." Na kira ta na ce, 'yata, ruwan saman ne ke tafiya makaranta? Ta rufe baki tana dariya, ta ɗauki biro ta mai da ita "Walking to school, I was caught in the rain."

Ban ga laifinta sosai ba. Mu malamai ne muke yaba doguwar jimla, mu manta da tambayar wa ya yi me. Ni kaina na shekara biyu ina wuce irin wannan da jan biro a hannu.

Naka,
Wani malamin Turanci