Satifiket ya cika mana jaka, amma wa ke duba aikinmu?

Malam Edita, assalamu alaikum.

Na saurari shirinku na ranar 10 ga Oktoba, ranar lafiyar ƙwaƙwalwa ta duniya, tun daga farko har ƙarshe, kuma baƙon naku ya yi ƙoƙari ba laifi. Ya ce ma'aikata sun yi kaɗan, a ƙara ɗauka, a ƙara buɗe makarantu. Babu mai musun wannan. Amma na yi ta kasa kunne ko wani zai taɓo inda yake mini ƙaiƙayi har aka rufe shirin ban ji ba, wato mu da muka riga muka shiga aikin, yaushe rabon da a sabunta mana abin da ke kanmu? Shi ya sa na ce bari dai in rubuto, in da hali ku karanta.

Ni ma'aikaciyar jin daɗin jama'a ce, bana shekarata 16 a aikin, yawanci tare da masu fama da matsalar ƙwaƙwalwa da iyalansu. Bari in fara da laifina kafin in taɓa na kowa.

A makaranta an koya mana cewa in masifa ta faɗa wa mutum, gobara ko haɗarin mota ko hari, to a zaunar da shi da wuri-wuri a sa shi ya amayar da duk abin da ya gani, daki-daki, wai hakan zai hana abin ya zauna masa a rai. Dibirifin ake ce masa. Na haddace, na ci jarrabawa da shi. Shekarata ta biyu a aiki aka kawo mini wata baiwar Allah da gobara ta cinye mata ɗaki har da ƙaramin ɗanta, kwana uku da faruwar abin. Na jawo kujera kusa da ita, na buɗe littafina, ina ta jero mata tambaya, sannan me kika gani, da kika ji ihun me kika yi, me ya zo miki a rai a lokacin. Tana ta murɗa gefen rigarta da yatsa har ya zama kamar igiya, ta ce mini "Malama don Allah a bar maganar", ni kuwa na ce mata daure, fitar da shi shi ne maganin. Ta daure ɗin, ta faɗa, muryarta ta dishe. Na rubuta a fayil cewa zama ya yi kyau. Ba ta sake dawowa ba.

Sai bayan shekaru, wata abokiyar aiki ta turo mini wani ɗan littafi a waya, jagorar agajin gaggawa na zuciya da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2011 tare da wasu ƙungiyoyi biyu. A ciki baro-baro an ce kada a matsa wa mutum ya ba da labarin abin da ya same shi. Ka duba halin da yake ciki, ka saurare shi in yana son magana, in ba ya so ka yi shiru tare da shi, sannan ka haɗa shi da abin da yake buƙata, wurin kwana, danginsa, likita. Hukumar ta ma ce a daina wancan zama ɗaya na tilasta amayar da labari, don bincike bai nuna yana hana komai ba, wasu ma yana iya dagula musu lamari. Wallahi ranar ban iya barci ba. Kuma abin da ya fi ci mini rai, a tsakanin nan na halarci bita ta fi a ƙirga, babu wanda ya taɓa ce mini ke, abin nan da kike yi fa an bar shi.

To kada a ɗauka abu ɗaya ne kawai ya canza. Da, in mutum ya ce yana tunanin kashe kansa, sai mu ba shi takarda ya sa hannu wai ya yi alkawari ba zai yi ba, mu saka a fayil hankalinmu ya kwanta. Hankalin namu ne ya kwanta, ba nasa ba. Yanzu abin da ake koyarwa shi ne tsarin kariya irin wanda Barbara Stanley da Gregory Brown suka wallafa a 2012, ka zauna da shi ku rubuta tare, waɗanne alamu ne ke nuna masa abin na tasowa, me zai iya yi shi kaɗai ya ɗan lafa, wurin wa zai je, lambar wa zai kira da tsakar dare, sannan a nisanta shi da abin da zai iya cutar da kansa da shi, guba ce ko tarin ƙwayoyi ko makami. Kuma a tambaye shi kai tsaye, kana tunanin kashe kanka? Har gobe akwai ma'aikatan da suke tsoron wannan tambayar wai kada su saka masa tunanin a kai, alhali an daɗe da gano ba haka ba ne, sau da yawa ma ajiyar zuciya mutum yake yi don a ƙarshe wani ya yarda ya ji. Mutum sama da 700,000 ke kashe kansu duk shekara a duniya, wannan ba wurin da za a bar ma'aikaci da tsohon karatu ba ne.

Ko littafin da ake rarraba cututtuka da shi ma ya sauya. Sabon bugunsa, ICD-11, an amince da shi a 2019, ya fara aiki a Janairun 2022, ya shigo da abubuwan da ba mu taɓa ji a aji ba, irin su jarabar wasan gem da kuma baƙin cikin rashi da ya ƙi wucewa har ya hana mutum rayuwa. Ga maganin nan sodium valproate da ake ba masu farfaɗiya da masu ciwon da ke sa yanayin zuciyar mutum ya hau sama ya faɗo ƙasa, daga tsananin zumuɗi zuwa tsananin damuwa, wanda a sabunta ƙa'idojin mhGAP na 2023, wato jagorar Hukumar Lafiya ta Duniya kan kula da masu matsalar ƙwaƙwalwa, aka ja kunne kan ba wa mata da 'yan matan da za su iya ɗaukar ciki, saboda illar da yake yi wa ɗan tayi. Wani zai ce ina ruwanki, ke ba likita ba ce. Eh ba na rubuta magani, amma ni ce nake shiga gida, ni ce ake zazzage wa ledar magunguna a gaba, ni ce amarya za ta raɗa wa cewa ta yi ɓatan wata. In ban sani ba wa zai ce mata kada ki daina sha da kanki amma gobe-goben nan mu koma wurin likita?

Yanzu bari in zo kan bitar da ake yi mana, don kada shugabanni su ce ai muna tirenin. Ana yi kam. Kwana biyu ko uku a wani zaure, furojekta na haska bango, mai gabatarwa na karanta abin da ke jikin bangon kalma bayan kalma kamar mu ba mu iya karatu ba, bayan hutun rana rabin zauren na gyangyaɗi rabi na latsa waya. Takardar sa hannu ita ce sarauniyar taron, in ta zagayo ka ga mutane sun farfaɗo, har da masu sa wa abokansu da ba su zo ba. A ƙarshe a yi hoto a raba satifiket. Ina da su a wata jaka, in na ɗaga ta sai na sa hannu biyu. Kuma sau da yawa wanda ake turawa ba shi ne mai zama da marasa lafiya ba, wanda ke kusa da oga ne, saboda alawus. Ba zan kama sunan kowa ba, masu yi sun san kansu.

Na onlayin ma bai tsira ba. A wasu wuraren, kamar jihohin Amurka, sai ka tara wasu awoyi na ƙarin karatu kafin a sabunta maka lasisi, kuma tsari ne mai kyau a takarda, amma kowa ya san ana iya kunna bidiyo a tafi wanka a dawo a danna an gama. Tsarin Ingila ya ɗan fi burge ni, hukumar da ke yi wa ma'aikatan jin daɗin jama'a rijista can tana so duk shekara ka rubuta abin da ka koya da yadda ya canza aikinka, har da wanda ka tattauna da wani abokin aiki. Aƙalla an tambaye ka me ya canza, ba awa nawa ka zauna ba.

Abin da ni na gani yana gyara ma'aikaci shi ne a samu wanda ya fi shi gogewa ya riƙa zama da shi a kai a kai kan ainihin mutanen da yake gani, ya ce me kika ce mata, me ya sa, da kin yi shiru a nan fa? Ku dubi Zimbabuwe, inda Dakta Dixon Chibanda ya koya wa tsofaffin mata, kakanni, yadda za su zauna a benci da masu ciwon damuwa su taya su warware matsala ɗaya bayan ɗaya, aka gwada aka wallafa sakamakon a 2016 kuma ya yi kyau. Ko Pakistan, inda ma'aikatan lafiya mata na ƙauye suka taimaki masu juna biyu da ke fama da damuwa, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta mayar da tsarin littafi a 2015. Mutane suna son ba da labarin nan su ce kun gani, kowa ma zai iya. Abin da suke tsallakewa shi ne ba a koya musu aka watsar da su ba, ana bibiyarsu, ana zama da su ana gyara musu. Kaka a benci tana da mai duba aikinta, ni mai digiri na yi shekara da shekaru babu wanda ya taɓa zama ya ji yadda nake magana da mara lafiya. Abin da ake dubawa a wurina rahoton wata ne, mutum nawa kika gani.

Ga kuma mu kanmu. Mai jin labarin fyaɗe da duka da mutuwa kullum, in babu inda zai sauke, a hankali zuciyarsa ke bushewa, ya fara yi wa mutane tsawa ko ya riƙa kallon agogo suna kuka. Na ga hakan a wasu, na gan shi a kaina.

Da muka gaji da jira, mu huɗu muka fara haɗuwa duk Alhamis ɗin ƙarshen wata bayan an tashi, awa ɗaya da rabi. Kowa ya kawo matsala ɗaya da ta cije masa, ba a faɗin sunan mai ita, sannan mutum ɗaya ya karanto wani abu sabo ya yi mana bayani a minti goma. Kayan karatun kyauta suke a intanet, jagorar mhGAP tana nan, kwas ɗin QualityRights kan haƙƙin masu matsalar ƙwaƙwalwa yana nan. A zaman da ya wuce ƙaramarmu, wadda ba ta fi shekara biyu da fara aiki ba, ita ce ta ce mini Anti kina yawan katse mutane da shawara kafin su gama magana. Na ji zafi, na so in ce yaushe aka haife ki, sai na haɗiye, don da na koma gida na tuna zaman da na yi da safe, gaskiyarta ne.

Roƙona gare ku Malam Edita, ku sake wani shirin, amma wannan karon ku gayyato wadda take zama da marasa lafiya kullum ku haɗa ta da shugaban da ke tura mutane bita. In ya fara lissafo muku tirenin nawa suka shirya bara, ku bar shi ya gama, sannan ku tambaye shi yaushe rabon da wani ya zauna da ma'aikacinsa kan fayil guda ɗaya, kuma a cikin awoyin aiki ne ko sai bayan an tashi irin namu. In kun sa ranar ku sanar da wuri, mu huɗun nan duk za mu kira.

Na gode, Allah ya ƙara basira.

Taku mai sauraro a kullum,
wata ma'aikaciyar jin daɗin jama'a